Baba Ƙanƙara da Ɓarawon Ƙarshen Wata

Duk wanda ya taɓa buɗe firji a unguwar nan ya san lambar wayar Baba Ƙanƙara, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Tana nan a jikin ƙofa ta ciki, saman wurin jera ƙwai, da jan fenti. Haka yake yi. Zai gyara maka firji, ya karɓi haƙƙinsa, sannan ya zaro ɗan buroshi daga aljihu ya rattaba maka lamba ba tare da ya nemi izininka ba. In ka yi ƙorafi ya ce, "Ba don kaina na sa ba, don kai ne. Ranar da nama ya fara wari za ka neme ni."

Sunan ya samo shi tun yana saurayi, lokacin da yake dakon ƙanƙara a ka yana kai wa masu sayar da lemo, ruwa na tsiyaya ta bayan wuyansa. Daga dako ya koma shara a shagon wani mai gyara, daga shara ya koma riƙe fitila, har ranar da maigidan ya miƙa masa sukundireba ya ce ya kwance kwampreso ya gani. Yau gemunsa fari fat, yana da jikoki, yana da shagonsa a tsakanin na Mai Walda da na mai facin taya. Shagon ɗan siriri ne, kuma matattun firji sun cinye rabinsa. Wasu masu su sun manta da su, wasu masu su ma sun riga firjin tafiya, amma Baba Ƙanƙara ba ya jefar da komai. A wurinsa babu firjin da ya mutu, sai dai wanda bai samu lokacin zama da shi ba.

Kunnensa kuwa abin mamaki ne. Yana wucewa ta ƙofar gidanka zai tsaya ya ce fankar firjinka ta fara cin kanta, kuma in ka duba haka ne. Amma kunnen nan da ke jin tarin kwampreso ta bayan bango, wallahi ba ya jin maganar mutumin da ke tsaye a gabansa. Kana yi masa bayani yana gyaɗa kai yana "To, to, madalla," alhali hankalinsa na can kan wani inji da ke gurnani a ɗaki na uku. Matarsa ta daɗe da haƙura. In tana da magana mai muhimmanci sai ta fara zare wayar firjin gidan daga soket.

Murya ɗaya ce yake ji sarai, ita ce ta Inna, mahaifiyarsa. Inna na can wani gari a wurin Yaya, babbar yayarsa, tafiyar rabin yini a mota. Tsufa ya kwashe mata kusan komai. Ba ta san sunayen jikokinta ba, takan ci abinci ta ce an hana ta, wani lokaci ta kalli Yaya ta tambaye ta ko 'yar gidan wa ce. Amma yatsunta sun riƙe lambar Baba Ƙanƙara. Kullum rana ta take tsaka za ta jawo wayar Yaya, ta danna lambobin nan ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, ta kara a kunne.

"Auta, ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Ƙarya kake, muryar yunwa ce wannan. Firjin nan fa yana ƙara."

"Zan zo in duba, Inna."

"Kullum haka kake cewa."

Shi ke nan hirar, ba ƙari ba ragi. Firjin lafiyarsa ƙalau, Yaya ta sha faɗa. Amma da wayar ta yi ƙara za ka ga dattijo mai furfura ya ajiye filaya, ya goge hannu a riga, ya gyara tsayuwa kamar an kira shi gaban alƙali. Ko walda ake yi sai Mai Walda ya kashe inji har a gama.

To, akwai watan da ya manta bai je ya biya kuɗin layin ba, domin layinsa irin na biyan wata-wata ne. Aka yanke shi na yini guda, Inna ta wuni tana kuka. Nan babbar 'yarsa ta shigo cikin maganar. Manaja yake kiranta tun tana ƙarama, saboda ko rarrafe take yi sai ta nuna wa mutane inda za su zauna, kuma Allah da ikonsa ta girma ta samu aikin ofis. Ta zo shago ta karɓi wayarsa da katin bankinsa, ta yi 'yan danne-dannenta, sannan ta tsaya a kansa tana bayani. Ta ce ta haɗa layin da katinsa, duk ƙarshen wata kamfanin waya zai cire kuɗinsa da kansa daga asusun, abin da ake buƙata kawai ya bar kuɗi a ciki kuma kada ya canza katin. A lokacin kan Baba Ƙanƙara na cikin wata firiza har wuya.

"Baba, kana ji na kuwa?"

"To, to, madalla."

"Daga yau ba sai ka je biya ba."

Wannan jimlar ce kaɗai ta shiga. Ya fito da kai ya sa mata albarka har da ɗaga hannu, kuma tun daga ranar babu wanda ya huta a layin shagunan nan. Mai faci ya ji, Mai Walda ya ji har ya gaji, wanda ya tsaya tambayar hanya ma ya ji. "Ni yanzu ba na biyan waya. 'Yata ke biya min daga albashinta. Haihuwa ke nan!"

Ƙarshen wata ya zo, wayarsa ta yi ɗan kukanta na saƙon banki. An cire kuɗi daga asusunsa. Sunan wanda ya cire kuwa wasu haruffa ne da lambobi a cakuɗe, kamar lambar bayan mota. Ya zargi bankin da cajinsu na banza, ya yi tsaki ya share. Wata na biyu abin ya sake faruwa, a rana guda, adadi guda. Ya je gida ya daɗe yana kallon matarsa ta wutsiyar ido, ita kuma ta ce in yana da magana ya faɗa, in babu ya matsa mata daga haske. A wata na uku ya kira Mai Walda cikin shago, ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Ina da ɓarawo."

"A shago?"

"A banki. Kuma mai tsari ne, ɗan banza. Ba ya haɗama. Kaɗan yake ɗauka, ƙarshen wata, lokacin da ya san mutane sun biya ni."

Mai Walda mutum ne da bai taɓa jin labari ya ce bai san kansa ba. Ya ɗage baƙin tabaransa zuwa goshi ya ce ai irin waɗannan yaran sun yi yawa, suna zaune a ɗaki da kwamfuta suna shan jinin talaka, ƙanin matarsa ma an taɓa yi masa. Ya ba da shawarar a faɗa wa Manaja. Baba Ƙanƙara ya ce a'a, Allah ya kiyaye. Yarinyar da kullum take masa wa'azin kada ya ba kowa lambar sirri, kada ya danna abin da bai sani ba? Ai sai ta ce shi ya jawo. Shi da ya shekara arba'in yana kama ɓeran da ke cin wayar firji, ɓarawon da ke zuwa a rana sananniya ba zai gagare shi ba.

Dabarar da ya fito da ita, shi kansa sai da ya jinjina wa kansa. Ana gobe ƙarshen wata ya je injin cire kuɗi ya kwashe asusun tas. Ya ƙulle kuɗin a leda, ya kai can ƙuryar shago, ya jefa a gindin wata tsohuwar firiza da wani mai sayar da kifi ya bari tun shekarun baya. Washegari ya zauna a kan benci da waya a cinya, ko aiki bai taɓa ba. Da hantsi saƙo ya shigo. Ya ruga ya miƙa wa Mai Walda, domin shi ƙananan rubutu sun fara yi masa gardama.

Mai Walda ya karanta a hankali: "An nemi cire kuɗi daga katinka. Bai yiwu ba. Babu isasshen kuɗi."

Jama'a, zo ku ga rawa! Baba Ƙanƙara ya yi juyi a tsakar titi da filaya a hannu. "Ya zo ya tarar da wayam! Ya sha ƙasa, ɗan banza!" Ranar ya saya wa duk layin shagunan lemo mai sanyi, abin da mai faci ya rantse bai taɓa gani ba tun da ya kama haya a wurin. Bayan kwana biyu ɓarawon ya sake gwadawa, saƙo ya sake shigowa, aka sake dariya. Ya ƙara gwadawa a mako na gaba. Baba Ƙanƙara har ya fara tausaya masa. "Wannan yaron da naci yake. Da gyaran firji ya koya da ya yi nisa."

Kamfanin waya kuwa suna ta aiko masa da saƙonni, amma shi tun fil azal ba ya karanta saƙon kamfani. Yau su ce ka sayi waƙa, gobe su ce ka shiga gasa ka ci mota. Da ya ga sunansu yake gogewa, yana ƙarawa da, "Ku ci motarku."

Sai wata rana aka kira shi. Muryar saurayi ce mai ladabi, ya gaishe shi, ya ambaci wani dogon suna da ƙarar walda ta cinye, sannan ya ce yana kira ne game da kuɗin da suka yi ta ƙoƙarin cirewa daga katinsa bai yiwu ba, ko zai taimaka ya tabbatar akwai kuɗi a ciki kafin su sake gwadawa?

Baba Ƙanƙara ya miƙe tsaye. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya ƙwala wa Mai Walda kira. "Kashe injin nan! Shi ne! Ɓarawon ne da kansa!" Sannan ya koma kan wayar. "Wato in zuba maka kuɗi ka zo ka ɗauka? Kai, amma ka cika marar kunya! In haɗa maka da kuɗin mota? Wa ya haife ka? Uwarka ta san sana'ar da kake yi?"

"Baba, ka yi haƙuri, ina ga ba ka fahimce ni ba, mu ne..."

"Na san ku ne! Wata nawa ina jiran ku!"

Ya kashe. Fuskarsa kamar wanda aka yi wa bushara. Mai Walda ya ce tunda har sun samu lambarsa to abin ya girma, a toshe katin gaba ɗaya. Washegari Baba Ƙanƙara ya je banki ya ce a kashe masa katin nan a ba shi sabo. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, wannan cirewar fa kamar biyan wata-wata ce da aka yi wa rajista. Ka tabbata ba ka..." Amma a bayanta akwai injin ruwan sanyi da ke wani irin kakari, kuma tun shigowarsa yake damunsa.

"To, to, madalla. 'Yata, injin nan naku gas ɗinsa ya kusa ƙarewa. Ki faɗa wa manya."

Ta sauke numfashi ta ba shi takarda ya sa hannu.

Ba a daɗe ba wayarsa ta daina kira. In ya danna lamba sai ta yi ɗif. Bai damu sosai ba, shi dama ba mai kiran mutane ba ne, kiransa ake yi. Ya yi mata irin abin da yake yi wa firjin da aka ɗauko daga nesa: ya kashe ta, ya jingine ta a tsaye, ya ce a bar ta ta huta. Ya buɗe bayanta ya share da buroshi. Ya ce sabis ne, kamfanonin nan ba su da tsoron Allah. Tunda Inna na samunsa kullum, sauran duk mai sauƙi ne.

Sai ranar da rana ta take tsaka wayar ba ta yi ƙara ba. Mai Walda ya kashe inji da kansa bisa sabo, shiru ya sauka a layin, aka jira, babu komai. Baba Ƙanƙara ya ce wataƙila Yaya ta fita kasuwa da wayar. Kwastoma ma babu wanda ya kira tun safe. Da zaman banza ya ishe shi, kuma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya nufi tsohuwar firizar mai kifi, wadda ya daɗe yana cewa zai zauna da ita. Kafin la'asar ta tashi tana gurnani. Ya yi mata gwajin da yake yi wa kowace firiza: ya cika tsohuwar roba da ruwa ya sa a ciki ya rufe, gobe a ga ko ta daskare. Ya tuna da kuɗin da ke gindinta, ba wai ya manta ba. Ya ce ai a leda suke, me zai same su.

Washegari ma rana ta take, shiru. Wannan karon tsoro ya kama shi sosai. Tsohuwa ce fa. Ya ari wayar Mai Walda, ya kwafi lambar Yaya daga tasa, ya kira.

"Kai Auta, wane irin rashin hankali ne wannan?" Yaya ko gaisuwa ba ta amsa ba. "Tun jiya Inna ke kiranka, wata mata na ce mata wai layin nan ba ya aiki. Ta ƙi cin abinci. Ta ce sai ta ji ko kai ka ci."

"Ba ta wayar, Yaya, ba ta!"

Ya ji motsi, ya ji numfashin Inna. Ya ce, "Inna, ni ne, Auta. Na ci abinci, wallahi na ci."

"Wane ne?"

"Auta ne, Inna."

"Auta ba ya kira. Ni nake kiransa." Ya ji tana ce wa Yaya, "Karɓi, wani ne ke neman kuɗi."

Yaya ta dawo kan layi, muryarta ta yi laushi. Ta ce ya gane ko? Ba muryarsa Inna ta riƙe ba, lambar ta riƙe. Duk wanda ya amsa a ƙarshen lambar nan shi ne ɗanta. In lambar ta tafi, babu mai iya koya mata wata.

Bai san lokacin da ya isa ofishin kamfanin waya ba. Ya ja lamba, ya zauna a kujerar roba, ya tashi, ya zauna, har aka kira shi. Saurayin da ke bayan kanta ya buga lambar wayarsa a kwamfuta ya ce watanni ke nan ba a biya ba, an yi ta turo saƙo, an ma kira. Layin ya shiga jerin waɗanda za a ƙwace. In ba a biya ba kafin a tashi aiki yau, lambar za ta koma hannun kamfani, daga baya a sayar wa wani.

"A sayar? Lambata? Tana cikin firjin rabin garin nan! Kuma 'yata ce ke biya, duba da kyau."

"Daga katinka ake cirewa, Baba. Duk lokacin da muka gwada sai a ce babu kuɗi. Daga baya ma aka ce an toshe katin."

"Wannan ai saboda ɓarawo ne." Ya zaro waya ya nuna masa saƙonnin bankin, waɗanda ya adana don tarihi tun ranar da ɓarawon ya sha ƙasa. "Ka gan shi nan. Mai sunan lambar mota."

Saurayin ya duba. Ya ɗago ya dubi Baba Ƙanƙara, ya sake duban wayar. Ya cije leɓe.

"Baba, wannan mu ne."

"Ku ne me?"

"Mu ne muke cirewa. Kuɗin wayarka ne."

Akwai na'urar sanyaya ɗaki a ofishin da ke ɗigar da ruwa, amma a karo na farko a rayuwarsa Baba Ƙanƙara bai ji ta ba. Saurayin ya ƙara leƙa kwamfuta ya ce an rubuta a nan cewa abokin aikinsa ya kira, mai layin ya tambaye shi ko wa ya haife shi. Baba Ƙanƙara ya ce a ba shi haƙuri, a kuma gaishe masa da mahaifiyar tasa.

Ya ce zai biya yanzu-yanzu. Ya zaro kati ya miƙa, aka sa a inji, inji ya ƙi. Tsohon ne, wanda ya sa aka kashe, bai jefar ba domin shi ba ya jefar da komai. Ya lalubo sabon, aka sa, inji ya sake ƙi. Babu ko sisi a ciki, shi da kansa ya tabbatar da haka. Ya ce to zai kawo tsaba. Saurayin ya ce ba sa karɓar tsabar kuɗi a kanta, sai dai ya kai banki ya zuba sannan ya dawo. Wata mata a bayansa ta ce, "Baba, mu ma fa da abin da ya kawo mu."

Ya koma shago da sauri har takalminsa na fita. Ya ɗaga murfin firizar, sanyi ya bugi fuskarsa. Kai, aiki ya yi kyau, wannan ba a magana. Sai dai robar da ya zuba wa ruwa ashe a tsage take. Ruwan ya tsiyaye ya kwanta a gindin firiza ya zama dutse, ledar na tsakiya, kuma wata tsohuwar ƙusa ta huda ta. Ga kuɗinsa nan yana kallonsu ta cikin ƙanƙara, ba halin taɓawa.

Mai Walda ya leƙo, ya yi salati, sannan ya ce, "Kawo in hura masa wuta, yanzu zai narke."

"Ka kusanto da wutar nan in liƙe ka da ƙofar shagonka!"

Da guduma da kurfi suka ɓalle dunƙulen. Mai faci ya kawo bahon da yake gwada tayu, aka tsoma. Aka aika gida aka karɓo dutsen guga, matarsa ta aiko da tambayar ko yau kuma wanki ya koma. Aka ɗaura igiya daga wannan firji zuwa wancan. Haka Manaja ta same su, domin Yaya ta kira ta a ofis: mahaifinta tsaye yana goge kuɗi a kan murfin firiza, tururi na tashi, Mai Walda na shanya su ɗaya-ɗaya, mai faci na tsaron ƙofa kada iska ta kwashe.

Ta tsaya a bakin ƙofa. "Baba, mene ne wannan?"

Mai Walda ya sauke baƙin tabaransa ya rufe ido. A ƙarshe dai Baba Ƙanƙara ya ba da labari, yana yi yana kallon dutsen guga. Da ya zo wurin lemon da ya saya wa jama'a, Manaja ta zauna a kan benci ta rufe fuska da jaka, kafaɗunta na rawa. Da ya zo wurin kiran waya sai da ta fita waje ta dawo.

"Ai na faɗa maka! A nan wurin, kanka na cikin firiza!"

"Ban ji ba."

"Ka ce madalla!"

"Da firizar nake."

Ta share hawayen dariya, ta fito da wayarta, ta danna nan ta danna can. Ko dutsen gugar bai huce ba ta ce an biya, daga asusunta. Ta karɓi sabon katin ta haɗa shi da layin. Sannan ta bi shagon ta zare wayar kowane inji daga soket, har fanka, ta tsaya a gabansa ta sa shi ya maimaita a bayanta: a bar kuɗi a ciki, kada a canza kati ba a faɗa mata ba, a karanta saƙo kafin a goge. Ya maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce, "Yau dai maganarka ta zama gaskiya, Baba. 'Yarka ta biya maka waya."

Bai yi dariya ba. Wayar ya ajiye a kan benci yana kallo. La'asar ta yi, inuwa ta tsallaka titi, babu wanda ya kunna inji. Sai ga ta ta yi ƙara. Ya goge hannu a riga ya gyara tsayuwa.

"Auta, wace ce wannan matar da ka ajiye tana ɗaukar maka waya? Ba ta da tarbiyya ko kaɗan. Na gaishe ta ba ta amsa ba, magana ɗaya take ta maimaitawa. Na ce ta tambaye ka ko ka ci abinci. Ta faɗa maka?"

"Ta faɗa, Inna."

"To ka ci?"

Tun jiya ko ruwa bai sa a cikinsa ba. Ya ce, "Ban ci ba, Inna."

"Na sani! Na faɗa musu ba su yarda ba. Maza ka je ka ci. Kuma ka sallami matar nan."

"Na sallame ta."

"Firjin nan fa yana ƙara."

"Gobe ina hanya, Inna."

"Kullum haka kake cewa."

Da safe Mai Walda ya tarar da shagon a kulle. Baba Ƙanƙara ya bi motar farko da jakar kayan aikinsa. Ya isa gidan Yaya rana na shirin takewa, ya durƙusa ya gaishe da Inna. Ta amsa masa da mutunci, irin amsar da ake yi wa baƙo, ta nuna masa kicin. Ya kara kunne a jikin firjin. Lafiyarsa ƙalau, ko tari babu. Duk da haka ya kwance bayansa ya share ƙura, ya ɗaure abin da dama a ɗaure yake. Inna na zaune a kujera tana kallonsa.

"Kana da hannu, malam," ta ce. "Ɗana ma aikinsa ke nan. Ya fi ka iyawa, amma ba ya zuwa. Bari in kira maka shi ku gaisa."

Ta jawo wayar Yaya, yatsunta suka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Yaya ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Baba Ƙanƙara ya ajiye sukundireba, ya goge hannu a riga, ya fita bayan ƙofar kicin inda Inna ba za ta gan shi ba, sannan ya ɗauka.

"Auta, ka ci abinci?"

"Yanzu zan ci, Inna. Na ji an ce mai gyara ya zo."

"Ya zo. Ba laifi, yana ƙoƙari. In ba shi abinci?"

"Ki ba shi, Inna," ya ce. "Ki zauna kusa da shi har ya cinye."